CINIKIN DATA A MUBI: MAI SAYEN ƘULLI SHI KE BIYAN TSADA

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa sukarin da mai tebur ke ƙullawa a leda ya fi na mudu tsada, na mudu kuma ya fi na buhu. Ba mai jayayya a kan wannan, domin ido na ganin ƙullin, hannu kuma na iya jinjina shi. Amma akwai wata haja da ta shigo garin Mubi, kamar yadda ta shiga sauran garuruwan Nijeriya, wadda ba a ganinta, ba a jinjina ta, ba a kuwa yi mata tayi, ga shi ta zama kusan tilas ga ɗalibi da ɗan kasuwa da ma'aikaci. Wannan haja ita ce data, watau awon da kamfanonin wayar salula ke sayar wa mutum don ya shiga intanet. Ita ma tana da ƙulli, tana da mudu, tana da buhu, sai dai ba kowa ne ya taɓa zama ya yi lissafin ratar da ke tsakaninsu ba.

Idan mutum ya danna *312# a wayarsa, kowane layi yake riƙe da shi, sai ya ga jerin farashi ya fito masa: na yini, na mako, na wata, na dare, na WhatsApp kawai, da dai sauransu. Kowane kamfani kuwa cewa yake nasa ya fi araha. To, wanne ne mai arahar a haƙiƙa ga mutumin da ke zaune a Lokuwa ko Sabon Layi ko Wuro Patuji, wanda abin da ke aljihunsa bai taka kara ya karya ba?

GARIN DA YA SAN ZAFIN RASHIN WAYA

Kafin a shiga lissafi, ya kamata mai karatu ya san irin garin da ake magana a kansa. Mubi gari ne na kan iyaka, a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, kimanin kilomita 200 daga Yola. Shi ne hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, wadda ta shigar da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya. Kasuwar shanunsa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, ana koro shanu zuwa gare ta daga Kamaru da Chadi, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Har ila yau gari ne na 'yan makaranta, sabo da akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002.

Mutanen wannan gari ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan amfanin waya, don sun ɗanɗana rashinta. A watan Mayu na 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, sai aka katse layukan salula baki ɗaya sabo da yaƙi da Boko Haram, ba a maido da su a Adamawa ba sai cikin watan Yuli. A ƙarshen Oktoba na 2014 kuma 'yan ƙungiyar suka ci garin Mubi da yaƙi, jama'a suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu suka ƙetara Kamaru, ba a ƙwato shi ba sai wajen tsakiyar Nuwamba. A waɗannan kwanaki, wanda ya sami wayar ɗan'uwansa ta shiga, shi ne ya san ko yana da rai.

A yau bukatar ta canza kama. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Rajistar makaranta, da biyan kuɗinta, da duba sakamako, da neman rancen karatu na asusun NELFUND wanda aka buɗe a 2024, duk ta intanet ake yi. Dillalin shanu kan ɗauki hoton sa ya aika wa mai saye a Legas ko Onica kafin a sallama. Tun kuwa lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai shago da mai nama da mai shayi duk sun koyi jiran alat a waya kafin su miƙa kaya. Ke nan data ta tashi daga abin marmari ta koma cikin cefane.

YADDA AKA ZO NAN

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane guda, cikin Agusta na wannan shekara kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai kan kai N20,000 ko fiye, kira kuwa N50 ne minti guda, ko da mutum gaisuwa kawai ya yi ya kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sa'an nan sauran suka sauko. Econet ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Etisalat da ya zo a 2008 ya koma 9mobile a 2017, ya sāke komawa T2 a 2025. Gasar da ke tsakanin waɗannan huɗu ita ta yi ta karya farashi shekara da shekaru, har jama'a suka saba da cewa kome na iya tashi a kasuwa amma ban da katin waya.

Wannan sabo ya ƙare ran 20 ga Janairu, 2025, sa'ad da NCC ta yarje wa kamfanonin su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, alhali su ninki guda suka nema. Hujjarsu ba ta rasa tushe ba. Dalar da ake saye wajen N460 a farashin gwamnati a watan Mayu na 2023 ta haura N1,500 a 2024, kayan aikinsu kuwa kusan duk daga waje ake sayo su. Litar man gas, wanda da shi janaretocin ƙarafan sabis ke aiki dare da rana, ba ta kai N300 ba a 2021, amma ta wuce N1,000 a 2024. MTN Nijeriya kaɗai ya ba da sanarwar asarar Naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta yi kumfar baki, har ta yi kira a riƙa ƙaurace wa waya na wasu sa'o'i kullum, amma ƙarin ya zauna daram.

ƘULLI, MUDU DA BUHU

Hanya ɗaya ce tak ta gane araha a wannan ciniki: a raba kuɗin da aka biya da yawan gigar da aka samu, don a ga nawa giga guda ta kama. Giga guda kuwa kimanin mega 1,000 ce. Bari a ɗauki farashin MTN a matsayin misali, ba don ya fi sauran laifi ba, sai don shi ne mafi yawan masu layi a ƙasar nan, kuma tsarin sauran bai yi nisa da nasa ba.

Kafin ƙarin 2025, N100 na sayen mega 100 na yini guda. Wannan shi ne ƙulli, kuma idan aka lissafa, giga guda ta kama N1,000 ke nan. N1,000 kuma na sayen giga 1.5 ta wata guda, watau mudu, inda giga ta kama wajen N667. Sai buhu, giga 20 a kan N5,500, inda giga guda ta tsaya N275 kacal. Haja ɗaya ce, ƙarfen sabis ɗaya ne, amma mai N100 yana biyan kusan ninki huɗu na abin da mai N5,500 ke biya.

A ɗauka cewa ga wani ɗalibi da ke sayen ƙullin N100 kowace safiya. A wata guda ya kashe N3,000, ya sami giga 3. Da a ce a farashin buhu aka auna masa, da wannan N3,000 ta ba shi kusan giga 11. Shi a ransa tattali yake yi, tun da bai taɓa fitar da fiye da N100 a lokaci guda ba, alhali kuwa shi ne wanda kamfani ya fi ci a kansa. Ba wai wauta ce ta sa shi haka ba. Wanda ake aiko wa kuɗin abinci kaɗan-kaɗan daga Michika ko Maiha ba shi da ranar da N5,500 za ta taru a hannunsa ba tare da wata bukata ta riga ta ba.

Da sabon farashi ya fito a watan Fabrairu na 2025, sai aka maye gurbin giga 1.5 ta N1,000 da giga 1.8 a kan N1,500. A ido kamar an ƙara awo ne, amma giga guda ta tashi daga N667 zuwa N833. Giga 20 ta koma N7,500, watau N375 kowace giga. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na giga 15 na mako guda, wanda ya tashi daga N2,000 zuwa N6,000, ninki uku cur, a lokacin da aka ce ƙarin ba zai wuce rabi ba. Wannan kuwa shi ne abin da masu ɗan hali a cikin 'yan makaranta da masu sana'a ta waya suka fi dogara da shi. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya fito ya ba jama'a haƙuri bayan 'yan kwanaki. Tun daga lokacin kamfanonin sun yi ta gyara jerin farashinsu, don haka kada mai karatu ya riƙe waɗannan alkaluma a matsayin na yau; abin riƙewa shi ne yadda ake lissafin, da kuma cewa ratar ƙulli da buhu ba ta gushe ba.

HAJAR DA KE RUƁEWA

To, ashe ke nan magani shi ne kowa ya daure ya sayi buhu? A nan ne data ta sha bamban da sukari. Sukari in ka ajiye shi yana nan har baɗi. Data kuwa da wa'adi ake sayar da ita, ran da wa'adin ya cika, abin da ya rage ya tafi. Mutumin da ya sayi giga 20 a kan N7,500 amma giga 8 kaɗai ya iya amfani da ita kafin wata ya ƙare, to, ya sayi kowace giga a kan fiye da N900, ya fi mai sayen mudu asara. Gaskiya ne tun 2018 NCC ta umurci kamfanoni su riƙa ƙetarar wa mutum da ragowar datarsa, amma da sharaɗin ya sabunta cikin lokacin da aka ɗibar masa. Watau sai ka ƙara zuba kuɗi kafin ka ceci wanda ka riga ka zuba.

Haka nan sauran dabarun talla, kowanne da igiyar da aka ɗaura masa. Datar dare ita ce mafi araha duka, domin a lokacin layi ba cunkoso, amma sai mutum ya sayar da barcinsa. Ta dace da mai sauko da littattafai ko darussan bidiyo, ba ta da wani amfani ga mai shagon da ke jiran alat da azahar. Datar WhatsApp ko Facebook kawai tana da sauƙin kuɗi, kuma ta wadatar da tsohuwar da bukatarta ita ce ta ji muryar jikokinta a Abuja, amma ba za ta buɗe shafin makaranta ko na banki ba. Kyautar da ake cewa an ninka wa mutum kuwa, galibi wa'adinta ya fi na ainihin datar gajarta, ko a ce sai da dare za a ci ta. Mafi tsada duka shi ne bashi: wanda ya ranci kati ta *303#, akan zare masa wajen kashi 15 cikin 100 tun kafin ya taɓa shi, a kan rancen da bai fi 'yan kwanaki ba. Ko mai ba da bashi da ruwa a kasuwa zai ji kunyar faɗin wannan a fili.

Akwai kuma tsohon kukan nan na cewa ana satar data. Hukumar NCC, a ƙarƙashin shugabanta Dokta Aminu Maida, ta sa an binciki na'urorin cajin kamfanonin a 2024, matsayinta kuma shi ne yawancin zurarewar daga wayoyin ne kansu. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Saƙon rubutu da na murya ba sa cin data mai yawa, amma bidiyo mai kyan hoto kan iya lashe kusan giga guda cikin awa ɗaya, wayar zamani kuma tana sabunta manhajojinta da kanta, tana sauko da duk hoton da aka jefa a zauren WhatsApp, mai ita na barci. Ƙullin mega 100 ba ya jure wa irin wannan ko na rabin sa'a.

ARAHA A ALLO, TSADA A ƘASA

Duk wannan lissafi an yi shi ne bisa zaton cewa sabis na nan. Farashin data ɗaya ne a Ikeja da Mubi, amma abin da ake samu ba ɗaya ba ne. A tsakiyar gari mutum na iya samun 4G, amma da ya kama hanyar ƙauyukan da ke cikin duwatsu, sai sandunan wayar su fara raguwa, wani layin ya ɗauka a nan, wani sai an hau tudu. Wayar gilashi da ke ɗauko intanet tun daga bakin teku sai ta ratsa jihohi da dama kafin ta iso, ko'ina kuwa mai gyaran hanya ko ɓarawo na iya tsinka ta. Ran 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har Legas sai da ta ji a jikinta. A duk irin waɗannan sa'o'i agogon wa'adi bai tsayawa. Wanda ya sayi datar yini guda, sabis ya ɗauke tun hantsi har magariba, ya yi sadaka ne da kuɗinsa ba da niyya ba.

Shi ya sa tambayar wane kamfani ya fi araha ba ta da amsa guda a garin nan. Kamfanin da ya fi ba da giga mai yawa a kan Naira ɗaya, in ƙarfensa bai kai unguwarku ba, to, ya fi kowa tsada. Wannan ne dalilin da ya sa da wuya a ga waya mai layi ɗaya a hannun ɗan kasuwar Mubi. Sai dai riƙe layi biyu shi ma yana da nasa haraji, domin kuɗin da zai sayi mudu guda sai a raba shi a sayi ƙulli biyu.

Ga masu ƙetara iyaka ta Sahuda zuwa Bukula da Gidar da Garwa kuwa, akwai ƙarin wata wahalar. Ko da yake MTN na aiki a ƙasashen biyu, kamfani biyu ne daban, datar da aka saya da Naira ba ta bin mutum zuwa Kamaru a farashinta na gida. Yarjejeniyar sauƙaƙa kuɗin waya tsakanin ƙasashen ECOWAS ma ba ta shafi wannan iyaka ba, don Kamaru ba ta cikin ƙungiyar. Dole fatake su riƙe layin MTN ko Orange na can, su sa masa kati da sefa, wadda ita ma ta yi wa Naira nisa tun 2023. Kada kuma a manta da wuta. Inda lantarki ba shi da tabbas, kuɗin cajin waya a shagon mai janareta ko mai sola shi ma wani ɓangare ne na farashin data, ko da yake ba a rubuta shi a allon talla.

DABARUN TALAKA

Jama'a dai ba su naɗe hannu ba. 'Yan makarantar da ke ɗaki guda kan haɗa kuɗi su sayi buhu a waya ɗaya, su rarraba ta hotspot, kamar yadda maƙwabta kan haɗa kuɗi su yi watandar sa da salla. Wasu matasa kuma sun mai da abin sana'a, suna sarar data da yawa su sayar kaɗan-kaɗan da 'yar riba, har da bashi ga wanda suka sani. Wannan ya rage wa mutane nauyi, amma ciniki ne na amana zalla: in dillali ya karɓi kuɗi data ba ta shigo ba, ba ofishin da za a kai ƙara. Wanda ya saya kai tsaye daga kamfani shi ke da ikon duba ragowarsa ta *323#, in kuma ya yi kuka ga kamfanin ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC kyauta a lamba 622.

Ita ma hukumar ta amsa cewa yawan tsare-tsaren na rikita masu saye, shi ya sa a 2024 ta ƙayyade wa kowane kamfani yawan waɗanda zai iya fitarwa, ta kuma ce a riƙa bayyana sharuɗɗansu dalla-dalla. Wannan gyara ne mai kyau, amma bai taɓa ainihin ciwon ba. Da za a tilasta wa kamfanoni su rubuta farashin giga guda a gefen kowane tsari, yadda ake rubuta farashin lita a gidan mai, da mai N100 ya ga abin da yake biya da idonsa. Da kuma za a riƙa tsayar da wa'adi a duk sa'ar da sabis ya ɗauke, da garuruwan nesa irin su Mubi sun fi kowa cin moriya.

A shekarar 2020, zamanin da Dokta Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa, Gwamnatin Tarayya ta fitar da shirin shekara biyar na yaɗa intanet mai sauri, inda ta ɗau alkawarin cewa kafin ƙarshen 2025 giga guda ba za ta wuce N390 ba. Bisa jerin farashin watan Fabrairu na wannan shekarar, mai sayen giga 20 ya sami tasa a kan N375, watau a kansa alkawari ya cika. Amma N7,500 da ake bukata kafin a kai ga wannan farashi ta haura kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Mai turin baro a kasuwar Mubi, da yaron mota, da ɗalibin da ke jiran aike daga gida kuwa, ba ma sa cikin masu karɓar wannan albashin.